Shekara 11 ina koyar da tarihi, yanzu ina son komawa aikin girgije. Zai yiwu kuwa?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Na daɗe ina leƙe ban taɓa cewa uffan ba, yau dai na ce bari in fito da abin da ke cina. Tarihi na karanta a jami'a, shekarata 36, kuma shekara 11 ke nan ina riƙe da alli. Ina son koyarwa har ga Allah, amma in na hango shekara goma masu zuwa ba na ganin abin da zai canza sai furfura. Akwai wani tsohon ɗalibina, wanda ni na koya masa rubuta insha'i, yanzu aikinsa kula da sabobin wani kamfani, wato kwamfutocin da ke riƙe shafuka da bayanansa, a girgije, abin da kuke kira kilawud. Shi ya sa mini abin a rai. Sai dai shi kimiyyar kwamfuta ya karanta, ni kuwa iyakata da kwamfuta buga tambayoyin jarrabawa da shigar da makin yara a Excel.

Na ga bidiyoyi ana cewa wata uku sun isa, ka ci jarrabawar AWS (girgijen kamfanin Amazon) guda ɗaya, kamfanoni su riƙa rububinka. Wasu kuma suka ce mini in babu digirin kwamfuta kada ma in wahalar da kaina. Ina da mata da 'ya'ya uku, ba ni da halin yin caca da rayuwarsu. Don Allah waɗanda suka san harkar su faɗa mini gaskiya komai ɗacinta.

Ɗan Baƙin Allo:
Wa alaikumus salam Malam, sannu da fitowa. Zai yiwu, don ni ma ta nan na biyo. Ilimin zamantakewa na karanta, na yi shekara shida ina ƙirga kwalaye a siton wani kamfanin rarraba magunguna. Amma wata ukun nan ka goge shi daga ranka tun yanzu. Daga ranar da na fara kunna Linux, tsarin sarrafa kwamfuta da yawancin sabobi ke tafiya a kansa, zuwa ranar da aka ba ni aikin da ke da kalmar girgije a sunansa, wata 22 ne cif. Kuma aikin da na fara samu bayan barin sito ba na girgije ba ne. Ɗaga waya nake yi: wannan ta manta kalmar sirrinta, wancan firintarsa ta ƙi magana da kwamfuta. Albashin ma bai kai na sito ba, sai da matata ta tambaye ni ko lafiya.

Abin da za ka fara ganewa shi ne girgijen nan ba tsafi ba ne. Kwamfutoci ne jibge a manyan gine-gine na Amazon ko Microsoft ko Google, kai kuma kana hayarsu ta intanet, ana cajinka gwargwadon abin da ka ci. Amazon ya fito da S3 na ajiyar fayil da EC2 na hayar saba a 2006, Azure na Microsoft ya shigo kasuwa a 2010. To tunda kwamfutar wani kake haya, dole ka san yadda kwamfuta ke tafiya. Wanda bai iya tuƙi ba, ba shi hayar mota ba zai amfane shi da komai ba.

Da ni ne kai, wata uku na farko ba zan buɗe asusu a wurin kowane kamfanin girgije ba. Zan sa Ubuntu, wani nau'in Linux, a kwamfutata, ko ta manhajar VirtualBox ko ta WSL mai gudanar da Linux a cikin Windows in Windows gare ka, in zauna da baƙin allon nan na buga umarni har ya daina ba ni tsoro. In iya shiga folda in fita, in nemo kalma a cikin fayil mai layi dubu goma, in san wa ke da izinin karanta fayil wa ba shi da shi. Daga nan sai netwok: mene ne adireshin IP, yaya DNS ke mayar da suna zuwa lamba, me ya sa SSH, hanyar shiga saba daga nesa, ke bi ta ƙofa ta 22, HTTPS na buɗe shafi cikin tsaro kuma ta 443. Sai ɗan harshen rubuta manhaja Python, da Git mai ajiye tarihin gyare-gyaren fayil. Bayan nan ne girgije zai yi maka ma'ana.

Injiniya KB:
Malam, ni zan faɗi wadda ba za ta yi daɗi ba. Shekarata 14 a harkar nan, kuma ina cikin masu yi wa sababbi intabiyu a inda nake aiki. Labarin Ɗan Baƙin Allo gaskiya ne, amma wanda ya haye ne ke dawowa zaure ya ba da labari. Waɗanda suka kashe shekara da kuɗinsu suka koma inda suka fito, ba za ka ji su a nan ba, kuma sun fi yawa a cikin waɗanda ni na sani.

Matsalar ita ce aikin girgije ba aikin da ake farawa da shi ba ne. Yawancinmu mun yi shekaru muna kula da saba ko netwok ko rubuta manhaja kafin a miƙa mana shi. Dalili kuwa, wanda aka ba mabuɗin asusun kamfani zai iya rusa komai da layi ɗaya. Ranar 28 ga Fabrairun 2017 wani ma'aikacin Amazon ya yi kuskure wajen buga umarni, ya sauke sabobi fiye da waɗanda ya yi niyya, S3 ya durƙushe a yankin Arewacin Virginia na wajen awa huɗu, shafuka masu ɗimbin yawa suka tafi da shi. Wannan a gidan masu abin ke nan. Sai ka ce mai kamfani ya ɗauki wanda bai taɓa gyara ko firinta ba ya damƙa masa?

Ga kuma kasuwa. A Janairun 2023 kaɗai Google ya sanar da sallamar mutum 12,000, Microsoft 10,000, Amazon kuma daga ƙarshen 2022 zuwa Maris 2023 kusan 27,000. Bidiyoyin da kake kallo da yawansu tun zamanin da ake ɗibar ma'aikata kamar ba gobe aka yi su.

Malamin Tarihi:
Injiniya ka sa jikina ya yi sanyi. Wato in haƙura ke nan?

Injiniya KB:
A'a Malam, ban ce ka haƙura ba. Cewa nake kada ka saki reshe ka kama ganye. Kada ka ajiye alli sai takardar ɗaukar aiki tana hannunka.

Ɗan Baƙin Allo:
A nan kam mun haɗu da Injiniya. Ni ma ban bar sito ba sai da na sa hannu a wani wurin. Awa biyu kafin in fita aiki nake karatu, ran hutu awa biyar.

Amma Yaya KB, wani lokaci ku masu digiri kuna mayar da abin kamar gadon gidanku. Tsakani da Allah, a cikin darussan jami'arka wanne ne ya koya maka Terraform, manhajar da ake gina kayan girgije da ita ta hanyar rubutu? An fito da shi a 2014, sauran kayan aikinmu irin su Kubernetes ma 2014, Docker 2013. Kai a lokacin ka riga ka gama makaranta. Da bidiyo da takardun kamfani ka koya, kamar yadda muka koya.

Injiniya KB:
Ƙanena, ba su koya mini Terraform ba, gaskiyarka. Amma sun koya mini abin da ke ƙarƙashinsa. Ranar da manhaja ta cinye ƙwaƙwalwar saba Linux ya kashe ta, ni na san abin da ya faru tun kafin in buɗe rajistar kurakurai. Shi ya sa in sabon abu ya fito ba na ɗaukar wata shida kafin in kama shi.

Bari in ba ka misali. Makon jiya wani ya zo mana da satifiket huɗu, sunayensu sun cika rabin shafi. Na ce masa, ga netwok mai /24, alamar da ke nuna girmansa, adireshi nawa ke ciki? Ya yi shiru. Na ce to bar wannan, ka buga sunan shafi a burauza ka danna, ba ni labarin abin da ke faruwa kafin shafin ya bayyana. Ya ce intanet ce ke kawo shi. Wallahi haka ya ce. Amsar ta farko 256 ce, in a AWS ne kuma suna riƙe biyar, 251 za ka iya amfani da su. Ba digiri nake nema ba, wannan nake nema. Sai dai mai digiri ya fi yawan zuwa da shi.

Ɗan Baƙin Allo:
To ai ka ga ba digirin ba ne ke nan, ilimin ne. Kuma ilimin yana nan a buɗe. Darasin CS50 na jami'ar Harvard kyauta ne ga duk mai intanet.

Injiniya KB:
Mutum nawa suka fara shi, mutum nawa suka kai ƙarshe? Kai ka gama?

Ɗan Baƙin Allo:
Mako na biyar na tsaya. Allah ya isa tsakanina da harshen C.

Sa'a Tech:
Malam kada ka bari su tsorata ka!!! Ina da ainihin tambayoyin jarrabawar AWS da Azure da amsoshinsu, waɗanda za su fito maka kalma da kalma. Sati biyu ka ci. Yi mini magana ta akwati.

Shugaban Zaure:
Na cire lambar wayar da ya sa, na kuma fitar da shi. Dokar zaure ta hana wannan. Malam, waɗannan tambayoyin sata ne, kuma kafin ka zauna jarrabawar sai ka amince da sharaɗin cewa ba ka yi amfani da irinsu ba. In aka gano, za a iya soke sakamakon a kuma hana ka sake zama. Ku ci gaba.

Injiniya KB:
Ga masana'antar da ke ƙera mini masu satifiket huɗu nan.

Malamin Tarihi:
Ni da nake kama yara da satar amsa, ai ba zan fara da tsufana ba. Amma tunda an zo maganar, wace jarrabawa ce ta halal da zan fara da ita, kuma nawa take ci?

Ɗan Baƙin Allo:
A AWS ta farko ita ce Cloud Practitioner: tambaya 65, minti 90, dala 100, ana ci da maki 700 cikin 1,000. Ta gaba, wadda masu ɗaukar aiki suka fi kallo, Solutions Architect Associate: ita ma tambaya 65, minti 130, dala 150, ana ci da 720. Kowacce shekara uku take yi ta mutu. In ka ci ɗaya suna ba ka rangwamen rabin kuɗi a ta gaba, in ka faɗi sai ka jira kwana 14 ka sake biya. A Microsoft ta farko AZ-900 ce, ita ba ta mutuwa, sai AZ-104 wadda ake sabuntawa duk shekara kyauta ta intanet. Google na da Associate Cloud Engineer.

Wani abu da ba kowa ya sani ba: in Turanci ba harshenka na uwa ba ne, AWS na ƙara maka minti 30, amma sai ka nema a asusunka kafin ka yi rajistar ranar jarrabawa. Ni ban sani ba sai bayan na faɗi a karon farko da tambaya bakwai ban ko karanta ba. Tambayoyin Solutions Architect dogaye ne, labari ake ba ka na kamfani kaza mai matsala kaza, amsoshi huɗu duk suna kama da daidai, sai ka nemo wadda ta fi arha ko ta fi jure faɗuwa. Kai da ka saba da karanta dogon nassi kana tsamo abin da ake nufi, a nan za ka fi mu.

Ta farkon kuwa, ni a ganina kada ka ɗora mata buri. Tana koya maka sunayen kayan ne kawai.

Autan Zaure:
Ni dai Azure zan ce ya fara da shi, don duk ofishin da ke amfani da Windows da Outlook can yake karkata.

Ɗan Baƙin Allo:
Auta, ya buɗe tallan aiki 30 na irin wuraren da yake son shiga, ya ƙirga wanne aka fi ambata, ya bi shi. Sunaye ne suka bambanta, abin ɗaya ne. Wanda ya iya ɗaya zai kama ɗayan cikin 'yan makonni. Kada dai ya haɗa biyu a lokaci guda.

Maman Ilham:
Sannunku da muhawara. Ni ba injiniya ba ce, tace takardun masu neman aiki ne sana'ata, shekara tara ke nan, mafi yawa na ɓangaren fasaha. Bari in faɗa muku abin da ke faruwa a teburina, don Injiniya sai wanda na tura masa yake gani.

In muka sa tallan ƙaramin aiki, takardu na zuwa da yawan da ba mai iya karanta su duka da natsuwa. Wasu kamfanonin da nake wa aiki sun rubuta digiri a sharaɗi, kuma a mafi yawan lokuta digiri kawai suka ce, ba su ce na kwamfuta ba. Don haka Malam, kai ba marar digiri ba ne, kana da shi, ka daina magana kamar ba ka da komai. Manyan kamfanoni irin su IBM da Google sun daɗe da cire sharaɗin digiri a ayyuka da dama, Google ma ya fito da nasa kwas na tallafin kwamfuta a Coursera a 2018 don waɗanda ba su bi ta jami'a ba. Sai dai cire sharaɗi a takarda daban, abin da mai zaɓe ke yi in takardu biyu suna gabansa daban.

Inda digirin fannin ke da nauyi sosai shi ne in mutum na son ƙetare iyaka da aikin. Bizar H-1B ta Amurka tana neman digiri a fannin da ya dace da aikin ko makamancinsa, kuma a lissafinsu shekara uku ta aiki ce ke tsayawa a madadin shekara ɗaya ta jami'a. Jamus kuma tun Nuwamban 2023 tana ba ma'aikatan fasahar kwamfuta takardar izinin zama da aiki ta Blue Card ba tare da digiri ba, in suna da gogewar shekara uku a cikin bakwai da suka wuce. Ka ga ko a can, abin da ke maye gurbin digiri shekarun aiki ne, ba satifiket ba.

Kuskuren da masu sauya sana'a suka fi yi a gabana shi ne ɓoye tsohuwar sana'arsu kamar abin kunya. Mutum ya yi shekara goma yana aikin jinya, sai ya matse shi a layi ɗaya a can ƙasa, ya cika sama da sunayen kwasa-kwasan da kowa ya yi. To ta me zan bambanta shi da yaro ɗan shekara 22? Ai yaron ya fi shi arha, ya kuma fi shi jure kwana a gaban allo.

Mai Lissafi:
Anti Maman Ilham ta taɓo inda nake. Ni akanta ce, ban taɓa neman aikin girgije ba, shi ya same ni a kujerata. Kamfaninmu ya koma girgije, bil ya riƙa zuwa duk wata yana hawa, kuma ba mai iya ce mini ga dalili. Injiniyoyi su ce aiki ne ya ƙaru, manaja ya ce in biya kawai. Na ce ba zan sa hannu a kan abin da ban gane ba. Na zazzage bil ɗin dalla-dalla, layi sama da dubu arba'in, na zauna da shi mako uku ina tambayar ma'anar kowane suna. Sai ga faifan ajiya birjik waɗanda sabobinsu sun daɗe da mutuwa amma ana ta biyan hayarsu, ga sabobin gwaji da ake bari a kunne dare da rana har ran hutu, alhali awa takwas ake taɓa su.

Na kai wa shugaban injiniyoyi jerin. Da farko ya ɗaure fuska, a ganinsa mai lissafi ta shigo masa gona. Bayan wata biyu shi da kansa ya nemi a mayar da ni ɓangarensu. Ashe abin har suna gare shi, FinOps, wato sa ido kan kuɗin da girgije ke ci, akwai ma gidauniyarsa tun 2019. Sai daga baya na yi satifiket, kuma na same shi da sauƙi don duk abin da aka tambaya na riga na gan shi a bil da kuɗinsa a gefe.

Har yau ban iya rubuta manhaja ba, Python ɗina na tsakar gida ne. Amma in ana taron kasafi, ni ake jira.

Malam, kai ma duba inda kake tsaye. Makarantarku ba ta da kwamfutoci? Wa ke buɗe wa malamai imel? Ina ake ajiye makin yara, kuma in kwamfutar ta ƙone yau ina kwafinsa?

Malamin Tarihi:
Hajiya kin sa na yi dariya ni kaɗai. Makin yara na shekara shida yana cikin kwamfuta ɗaya a ofishin mataimakin shugaba, ita ma sai an ɗan bubbuga ta take tashi. Kwafi kuwa babu. Wanda ke kula da ɗakin kwamfutarmu ya tafi tun bara, ba a kawo wani ba.

Maman Ilham:
To Malam me kake jira? Gobe ka je ka ce kai za ka riƙe, ko ba a ƙara maka ko sisi ba. Bayan shekara ɗaya takardarka za ta ce: na kula da kwamfuta kaza da asusun malamai kaza, na tsara ajiyar kwafin bayanan ɗalibai. Wannan gogewa ce ta gaske, da wanda za a kira ya tabbatar. Sannan akwai kamfanonin manhajar makarantu da cibiyoyin horarwa, su kullum suna neman wanda ya san fasaha kuma ya iya tsayawa gaban mutane ya yi bayani su gane. Injiniyoyi da yawa, Allah ya ba su haƙuri, ba su iya wannan ba.

Injiniya KB:
Anti ai sai ki kira sunana kawai.

Amma da gaske, wannan ita ce shawarar da ta fi duk abin da muka faɗa. Zan ƙara gargaɗi ɗaya. Bayanan yara amana ce, kada ka mayar da su abin gwaji. Kamfanin girgije yana tsare gininsa da injinansa, amma yadda ka saita naka kayan, wuyanka ne. A 2019 an kwashe bayanan mutum sama da miliyan 100 daga bankin Capital One na Amurka, kuma ta kuskuren saitin katangar tsaro aka shiga. Ka yi gwajinka da sunayen ƙarya da makin ƙarya. Na gaskiyar kuma sai da izinin shugaban makaranta a rubuce.

Ɗan Baƙin Allo:
Na'am. Kuma don aikin nunawa, akwai Cloud Resume Challenge da Forrest Brazeal ya fito da shi a 2020. Za ka gina shafin tarihin aikinka a girgije, ka sa masa suna da HTTPS, ka haɗa masa ma'ajiyar bayanai mai ƙirga baƙi, sannan ka sa duk gyaran da ka tura ya hau da kansa. Da shi na koyi rabin abin da na sani.

Injiniya KB:
Yana da kyau don koyo. Amma na ga irinsa ya fi a ƙirga, har launin shafin iri ɗaya. In Malam ya zo mini da ɗan tsarin da malami zai ɗora maki, uba ya shiga ya ga na ɗansa kaɗai ban da na ɗan maƙwabci, zan riƙe shi awa guda muna hira. Don a nan dole ya yi tunanin wa ke da izinin ganin me, kuma rabin aikinmu ke nan. Abin da na fi so a intabiyu shi ne mutum ya ce mini, nan ya lalace, na kwana biyu ina nema, ashe kaza ne.

Autan Zaure:
Yayyena ni tambayata daban ce. Da wannan ƙirƙirarriyar basirar da ke rubuta Terraform cikin daƙiƙa biyar, ba aikin banza Malam zai yi ba? Kafin ya gama koyo an daina ɗaukar mutane.

Injiniya KB:
Ina amfani da ita kullum, Auta. Ta rage mana buƙatar wanda aikinsa kwafe-kwafe ne kawai, wannan gaskiya ne, kuma ƙananan ma'aikata abin ya fi shafa. Amma kwanan nan ta rubuta mini saiti tsaf-tsaf, a ciki ta buɗe ma'ajiyar bayanai ga 0.0.0.0/0, wato ga duk duniya. Wanda bai san ma'anar lambobin nan ba zai tura shi haka yana murna. Ita kanta basirar a kan sabobin girgije take zaune, wani ne ke kula da su.

Ɗan Baƙin Allo:
Ka yi amfani da ita kamar malamin da ba ya gajiya da tambaya, Malam, amma ka buga umarnin da yatsunka.

Sannan kafin in manta, don wannan ya taɓa cin kuɗin cefanen gidana na mako. Ranar da ka buɗe asusu, kafin ka taɓa komai, ka sa matakin tsaro na biyu a wayarka, ka kuma saita ƙararrawar kasafi ta turo maka imel in kuɗi ya haura dala biyar. Ni na bi wani darasi na gina netwok, na gama na kashe sabar na kwanta da murna. Ban san akwai wata 'yar mashigar NAT, wadda sabobi ke bi su fita intanet, da darasin ya sa na kunna ba, ita kuma da awa ake cajinta ko ana amfani da ita ko ba a yi. Ƙarshen wata na ga dala talatin da wani abu. Laifina ne, yana rubuce a shafin farashi, ban karanta ba. Wani abokin karatuna nasa ya fi muni: ya tura mabuɗin asusunsa cikin fayil zuwa ma'ajiyar manhaja ta intanet da kowa ke gani. Akwai masu manhajar da ba ta da aiki sai neman irin wannan. Kafin gari ya waye an kunna manyan sabobi da sunansa ana haƙar kuɗin kirifto.

Mai Lissafi:
Dala talatin? Ɗan'uwa ai kai an yi maka rangwame. Zo ka ga abin da manya masu digiri ke mantawa a kunne.

Malamin Tarihi:
Na kwafe duk abin da kuka faɗa a littafi. Wani ya turo mini maganar shirin horarwa na AWS re/Start ta akwati, na duba, kyauta ne amma mako 12 ne na cikakken lokaci, ba zai haɗu da aji ba. Zan bi ta doguwar hanyar. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Malamin Tarihi:
Salam 'yan zaure, na dawo bayan mako bakwai. An ba ni mabuɗin ɗakin kwamfuta, shugaba har da sa mini albarka, da alama ya daɗe yana neman wanda zai jefa wa. Cikin kwamfuta 18 guda 11 ke tashi yanzu, da na karɓa shida ne. Makin yara kuma yana wuri biyu.

Na san an ce in yi wata uku kafin in taɓa girgije, amma zumuɗi ya ci ƙarfina, daren nan na kunna 'yar ƙaramar saba. Ga matsalata: in na yi ssh sai ya fito da gargaɗi da manyan baƙaƙe, wai fayil ɗin mabuɗina a buɗe yake da yawa, ya ƙi karɓa. Na yi chmod 400, umarnin da ke hana kowa karanta shi sai ni, kamar yadda na koya, sau biyar, bai canza ba. Ta WSL nake.

Ɗan Baƙin Allo:
Haha, barka da shigowa Malam. Ina fayil ɗin yake? In adireshinsa ya fara da /mnt/c to a ɓangaren Windows yake zaune, chmod ba ya kama shi yadda ya kamata a can. Kwafe shi zuwa ~/.ssh ka sake yi.

Malamin Tarihi:
Gargaɗin ya tafi! Amma yanzu ya tsaya cak, ba ya cewa komai, can sai ya ce lokaci ya ƙare.

Ɗan Baƙin Allo:
To wannan ai...

Injiniya KB:
Ƙanena dakata, kada ka faɗa masa. Malam, ka ƙwanƙwasa ba a ce maka shigo ba, ba a kuma ce maka koma ba, shiru kawai. Ta wace ƙofa SSH ke shiga, kuma wa ke tsaye a bakinta?

Malamin Tarihi:
22. Katangar tsaro ke nan? Bari in duba.

Na gani, babu dokar shiga ko ɗaya. Akwai zaɓin buɗe wa kowa, akwai na adireshina kaɗai. Na tuna maganar sifili huɗun nan, na zaɓi nawa.

Ya shiga. Wallahi ya shiga, ga sunan ubuntu yana kallona. Ƙarfe ɗaya da rabi na dare, na yi kabbara har na tashi ƙaramar 'yata. Sai da safe, gobe ina da aji biyu a kan daular Usmaniyya.

Mai Lissafi:
Malam ka kashe sabar?

Malamin Tarihi:
Subhanallahi. Bari in tashi.